Duniya ta zuba ido, masu ƙuri'a sun yi zamansu a gida



Duk ranar da muka buɗe layin waya a gidan rediyo muka ce yau zancen siyasa za a yi, ba a daɗewa sai wani ya kira ya ce don Allah a bar wannan magana, a gaya masa nawa tiyar hatsi take a Maraɗi, kuma yaya naira ta kwana. Ba mu taɓa ganin laifin mai wannan kira ba. Mutumin da ya fito da asuba bai bar wa iyali kuɗin miya ba, ina ya ga lokacin sauraren labarin wanda ya sauya jam'iyya? Sai dai yau muna so mu ɗauki tambayar tasa, ta naira da tiya, mu bi sawunta har inda ta fito. Wanda ya bi ta a hankali zai ga ta kai shi bakin wani akwatin zaɓe da ba namu ba, wato na Najeriya, ranar Asabar 25 ga watan Fabrairun 2023. Da yake maƙwabtan namu suna da wani zaɓen a 2027, ya kamata mu zauna mu yi lissafin na baya, kamar yadda ɗan kasuwa yake yi kafin ya sake saro kaya.

Baƙi sun cika gari, masu gida ba su fito ba

Da wuya a samu zaɓen da duniya ta sa wa ido a Afirka kamar wannan. Tarayyar Afirka ta aika da tawaga a ƙarƙashin tsohon shugaban Kenya, Uhuru Kenyatta. Ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ta tura Thabo Mbeki na Afirka ta Kudu. CEDEAO ta ɗora wa Ernest Bai Koroma na Saliyo jagorancin tata tawagar. Amurkawa suka sa Joyce Banda ta Malawi a gaban tasu. Tsofaffin shugabannin ƙasa huɗu ke nan a Abuja lokaci guda, ga kuma Tarayyar Turai da ta baza nata mutanen tun makonni kafin ranar. Manyan gidajen rediyo da talabijin na duniya duk sun aika da wakilai. Mu ma a nan, daga fadar matasa zuwa rumfar mahauta, ba a zancen komai sai Tinubu da Atiku da Obi da Kwankwaso.

To, da aka buɗe akwatuna me aka tarar? Hukumar zaɓen Najeriya, INEC, ta yi wa mutum sama da miliyan 93 rajista. Sama da miliyan 87 sun karɓi katinsu. Waɗanda suka fita suka jefa ƙuri'a ba su cika miliyan 25 ba, wato kashi 27 cikin 100 ke nan. A Legas, birnin da ya fi kowane hada-hada, mutum miliyan 7 ne ke da rajista, amma waɗanda suka fita ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba.

A ce ranar kasuwa ce, rumfa 100 ke akwai, 27 kawai aka buɗe. Ko dillalan duniya duka sun hallara, cewa za mu yi kasuwa ba ta ci ba.

Bola Tinubu ya samu ƙuri'a miliyan 8 da kusan dubu 800. Atiku Abubakar ya samu kusan miliyan 7, Peter Obi miliyan 6 da ɗoriya, Rabi'u Kwankwaso kusan miliyan ɗaya da rabi. In aka auna da yawan masu rajista, waɗanda suka zaɓi shugaban ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200 ba su cika 10 cikin 100 ba.

Kuma abin ba a 2023 ya fara ba. A 2003, alƙaluman hukuma sun ce kashi 69 cikin 100 suka fita. A 2011 aka sauko wajen kashi 54, a 2015 wajen 44, a 2019 wajen 35, sai 27 a 2023. Gaskiya ne alƙaluman da can akwai gishiri a cikinsu, don a lokacin ana iya dangwala wa wanda bai zo ba, har da wanda ya riga mu gidan gaskiya. Na'urar tantance yatsa da fuska ta rage wannan. Amma ko an cire gishirin, hanyar ɗaya ce: kowane zaɓe baƙi na ƙaruwa, masu gida na raguwa.

Me ya zaunar da mutane a gida?

Wasu dalilan na ranar ne. Babban bankin Najeriya ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000 a watan Oktoban 2022, ya janye tsofaffin kafin sababbin su wadata. Sai ga mutum da kuɗinsa a banki amma ba shi da na mota a aljihu. Ga ƙarancin man fetur a lokaci guda. Wanda ya yi rajista a garinsu yana aiki a wani gari, da me zai tafi? A rumfuna da yawa ma'aikatan zaɓe ba su iso ba sai da rana ta take. A wasu yankunan Zamfara da Katsina da Sakkwato kuwa, inda ƴan bindiga suka tashi ƙauyuka, mai katin ma yana gudun hijira, wasunsu a nan wajenmu cikin jihar Maraɗi.

Amma babban dalili ya girmi wannan rana. Mutane sun jefa ƙuri'a sau da yawa ba su ga canji a tukunyarsu ba. A 2015 talakan arewa ya fita da zuciya ɗaya, ya kwana yana gadin akwati, har aka kayar da shugaba mai ci, abin da ba a taɓa gani ba a Najeriya. Shekara takwas bayan haka buhun shinkafa ya ninka, hanyar Gusau da ta Birnin Gwari sun zama abin tsoro. Wanda ya sayi kaya wajen mutum sau biyu yana tarar da algus, ba sai an hana shi komawa ba.

Na uku shi ne rashin yarda da ƙidaya. INEC ta yi alkawarin za ta ɗora sakamakon kowace rumfa a intanet nan take, kowa ya gani da idonsa. Da ranar ta zo, na shugaban ƙasa bai hau kan lokaci ba, hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce. Atiku da Obi suka tafi kotu, kotun ƙoli ta tabbatar da Tinubu a watan Oktoban 2023. Wanda ya zauna gida sai ya ce wa wanda ya sha rana a layi: ka gani ko?

Abin da baƙon yake nema

Kada mu ɗauka don ƙaunar talakan Jibiya ne manyan ƙasashe suke kashe kuɗi suna aika ƴan sa-ido. Najeriya ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan jama'a, tana cikin manyan masu haƙo man fetur a nahiyar, kuma in ta rikice, ƴan gudun hijirarta ba ƙasar da za ta iya ɗaukar su. Abin da baƙo yake so ya gani shi ne an yi zaɓe ba a zub da jini mai yawa ba, an samu wanda za a rantsar, an san da wa za a yi ciniki gobe. Yakan rubuta cewa mutane ba su fita ba, amma wannan bai taɓa hana a aika da saƙon taya murna ba.

Ku dubi lokacin ma. An rantsar da Tinubu ranar 29 ga Mayu 2023. Cikakken rahoton Tarayyar Turai, wanda ya ce hukumar zaɓe ta zubar da amincewar jama'a, bai fito ba sai ƙarshen watan Yuni, fadar shugaban ƙasa kuma ta yi watsi da shi. Haka aka yi a 2007. Ƴan sa-ido sun ce zaɓen bai kai mizani ba, shi kansa marigayi Umaru Musa Ƴar'aduwa ya amsa cewa akwai kurakurai a zaɓen da ya kawo shi, amma ya ci gaba da mulki.

Ba mu ce zuwansu ba shi da amfani ba. Surutun 2007 na cikin abin da ya sa aka kafa kwamitin gyaran zaɓe na mai shari'a Muhammadu Uwais, daga baya aka naɗa Farfesa Attahiru Jega a 2010, aka zo da na'urar karanta kati a 2015. Sai dai ɗan sa-ido kamar shaidan ciniki ne. Yana gani, yana faɗa, amma in kaya ya lalace ba shi ke ɗaukar asara ba. Mako guda bayan zaɓe ya hau jirgi ya koma gida.

Takardar bashin ta iso kasuwarmu

Yanzu sai mu zo ga mai kiran nan namu, mai tambayar naira da tiya.

Mu fara da 2019. A ƙarshen watan Janairun wannan shekara, gwamnonin Maraɗi da Damagaram na lokacin sun je har Kano wajen gangamin yaƙin neman zaɓen marigayi Muhammadu Buhari, abin da ya sa ƴan adawar Najeriya suka yi ta ƙorafi. Mu dai a nan mun ɗauke shi namu, ɗan Daura, mai dangi a wannan gefen. Ya ci zaɓe a watan Fabrairu. A watan Agusta ya rufe iyakokin ƙasa don hana shigar da shinkafa. Kamiyoyi suka yi layi a Ɗan Isa da Ƙonni, wake da aya da albasa suka rasa hanya, dabbobi suka koma bin daji ana biyan na goro a kowane lungu. A watan Nuwamba aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai a Disamban 2020 aka buɗe Illela da Maigatari. Ƙofar Jibiya kuwa, wadda ita ce ta Maraɗi, ba a buɗe ta a hukumance ba sai watan Afrilun 2022. Alhazai nawa ne jarinsu ya karye a wannan tsakani? Ku kuka fi mu sani.

Sai canjin takardun naira na 2023. Ɗan Najeriya aƙalla yana da bankin da zai je ya yi layi. Matar da ta sayar da tumakinta a kasuwar bakin iyaka ta ƙulle tsofaffin naira a bakin zane, wane banki za ta je? Da yawa sun sayar wa ƴan canji da faɗuwa. Daga baya, a watan Maris, kotun ƙolin Najeriya ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Wanda ya riga ya yi asara ba wanda ya mayar masa.

Ranar rantsuwa, 29 ga Mayu, a cikin jawabinsa na farko, sabon shugaban ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Cikin ƴan kwanaki litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500, a watan Yuli ta haura 600. Kowa ya san kwalaben ruwa-ruwa da ke bakin titi daga Ƙonni har Magarya daga ina suke cika. Kuɗin kabu-kabu ya tashi, kuɗin injin ban ruwa na masu lambu ya tashi, matasan da ke cin abinci da jarka suka rasa abin yi, motoci suka koma layi a gidajen mai.

A watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta da kanta. Dalar Amurka da hukuma take sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. A wajen ƴan canjinmu, abin da jaka guda ta CFA take kawowa na naira ya kusan ninkawa. Mai saro atamfa a Kantin Kwari ko kayan roba a Kano ya ɗan ji daɗi, kafin farashin can ya biyo shi. Amma mai kai shanu Maigatari, da mai kai wake Dawanau, naira ake biyan su, in sun juyo suka canza sai su ga rabin wahalarsu ta narke a hanya. Haka ƴan cin rani masu aiko wa gida.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi ciwo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, CEDEAO ta zauna a Abuja ranar 30 ga wata ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Mai riƙe da shugabancin ƙungiyar a lokacin shi ne Tinubu, wanda bai yi wata guda da karɓar kujerar ba. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take sayar mana, har aka yi barazanar yaƙi. Mai injin niƙa, mai sayar da ƙanƙara, tela da mai walda, kowa ya ji a jikinsa. Magani da shinkafa suka yi tsada. Ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairun 2024, iyakar kuma sai a watan Maris ta buɗe.

Ga fa abin lura a nan. Cikin waɗanda suka taka wa maganar yaƙi birki akwai sanatocin arewacin Najeriya, waɗanda suka san mutanen mazaɓunsu da mu suke ci, da mu suke aure. Majalisar dattawan ƙasar ta ba da shawarar a bi hanyar sulhu, sarakuna da malamai suka yi ta zirga-zirga zuwa Yamai. Wato siyasar da ta rufe mana ƙofa, ita ce kuma ta hana a harba bindiga. Wanda ya zauna a kujera, da wanda yake jin tsoron ɓata wa rai, duka suna da tasiri a kan tiyarka.

Namu na gida

Kada mu yi wa maƙwabci dariya. In aka dubi alƙalumma, mun fi su fita. A zaɓen 27 ga Disamban 2020, cikin mutum wajen miliyan 7 da dubu 400 masu rajista, kusan kashi 70 cikin 100 sun jefa ƙuri'a, a zagaye na biyu ranar 21 ga Fabrairun 2021 kuma sama da kashi 60. Duniya ta yaba mana ƙwarai. An ce karon farko ke nan da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe mulki a Nijar. Aka ba Issoufou Mahamadou kyautar Mo Ibrahim ta dala miliyan 5, aka rantsar da Mohamed Bazoum ranar 2 ga Afrilu. Mahamane Ousmane bai yarda da sakamakon ba, an yi tarzoma a Yamai, amma a idon ƙasashen waje Nijar ta zama abin misali a Sahel. Su ma suna da nasu dalilan: ga uraniyom na Arlit, ga hanyar Agadas da suke so a toshe wa masu tafiya Turai, ga sansanonin sojojinsu.

Shekara biyu da ƴan watanni bayan wannan yabo, sojoji suka karɓi mulki, kuma taron da ya cika titunan Yamai na masu goyon bayansu ne. Kowa yana da ra'ayinsa a kan wannan, ba shi muka zo tattaunawa ba. Abin da muke so a lura da shi shi ne, yabon duniya bai sa ƙuri'ar ta yi daraja a idon wanda ya jefa ta ba.

Don kuwa gajiya da siyasa iri biyu ce. Akwai ta wanda ya ƙi fita. Akwai kuma ta wanda ya fita don an aiko da mota unguwarsu, an raba turmin atamfa da sabulu da jaka biyu, ya dangwala ya dawo, bai sake tambayar depitensa komai ba har shekara biyar. Iyayenmu mata sun fi kowa sanin wannan, don su ake tarawa a rana su yi guɗa, su ke cika layi, su ake fara mantawa. Na farkon ya ce ƙuri'arsa ba ta da amfani, ya ajiye ta. Na biyun ma haka ya ce, sai ya sayar da ita da araha. Ciwon ɗaya ne. Tun daga 1993 da muka fara zaɓen jam'iyyu da yawa, an yi juyin mulki a 1996, 1999, 2010 da 2023. Mun ga tazarce a 2009. Mun ga zagaye na biyu a 2016 da ɗan takara guda, marigayi Hama Amadou, ya yi yaƙin neman zaɓe daga gidan kaso, ƴan adawa suka ƙaurace, mai ci ya samu sama da kashi 92 cikin 100. Wanda ya ga duk wannan ya ce ya gaji, ba ƙarya ya yi ba.

Zaman gida ba ya horar da ɗan siyasa

Gajiyar gaskiya ce, amma lissafin da ake yi a kanta ne ba daidai ba. Mai ƙin fita yana ganin ya hukunta ƴan siyasa. Mu yi lissafin kasuwa. A ce mutum 100 ke da kati a wata rumfa. In 80 suka fito, mai son nasara sai ya shawo kan 41, kuma ba aljihun da zai iya sayen 41 cikin kowane 100 a faɗin ƙasa. Dole ya yi wani abin da za a gani. In kuwa 27 suka fito, ƴan takara huɗu suka raba su, mutum 10 sun ishe shi. Goma kuwa ana iya samun su da buhun taliya da ƴan bangar unguwa. Duk wanda ya zauna gida ya rage wa ɗan siyasa kuɗin sayen kujera. Kuma ba a taɓa barin kujera ba kowa don mutane ba su fito ba. Ko mutum nawa suka jefa, za a rantsar da wani, zai sa hannu a kan takardar haraji, zai buɗe iyaka ko ya rufe.

Akwai wani zaman gidan da ya yi aiki, kuma manyanmu a kasuwa suna tune da shi. A farkon 2005, watanni kaɗan bayan an sake zaɓen marigayi Tandja Mamadou, gwamnati ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi irin su fulawa da madara da sukari, har da ruwa da wuta. Ƙungiyoyin farar hula masu yaƙi da tsadar rayuwa suka kira jerin gwano da zaman gida a watan Maris. Shaguna suka kasance a rufe a Yamai da sauran manyan garuruwa. An kama wasu jagororin, amma a watan Afrilu gwamnati ta janye mafi yawan harajin. Ba ɗan sa-ido ko ɗaya da ya zo daga Turai don wannan. Bambancin wancan zaman gida da na ranar zaɓe shi ne, wancan an yi shi tare, da baki ɗaya, an faɗi abin da ake so. Na ranar zaɓe kuwa kowa shi kaɗai yake yin fushinsa a ɗaki, ba mai jin sa.

Abin da ya rage mana

A halin da muke ciki ba akwatin zaɓe a gabanmu. An rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi a watan Afrilun 2024. A watan Maris na 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa, aka rantsar da Janar Abdourahamane Tiani a kan wa'adin shekara biyar. Nijar kuma ta fice daga CEDEAO tun watan Janairun 2025. Amma rashin zaɓe bai sa an daina yanke shawara a kan kasuwa ba. Patanti, kuɗin rumfa, kuɗin duwan, shingayen hanya, ko matakin watan Oktoban 2024 na hana fitar da cimaka waje in ban da Mali da Burkina Faso, duk shawarwari ne da wani ya zauna ya yanke. Inda muryarmu za ta iya shiga yanzu shi ne ƙungiyoyin ƴan kasuwa, kwamitin kasuwa, majalisar ƴan kasuwa ta ƙasa, da ƙungiyoyin mata masu adashe. In an kira taro mu je. In za a zaɓi shugaban ƴan hatsi ko na ƴan tumatir, kada mu bar wa mutum biyar su naɗa wanda suke so, sannan mu zo muna gunaguni. Wanda bai iya tambayar shugaban layinsu ina kuɗin shara suka shiga ba, ran da zaɓen ƙasa ya dawo ma ba zai tambayi depite ba.

Game da zaɓen Najeriya na 2027 kuwa, ba mu da ƙuri'a a ciki, kuma kada wani ya ruɗe mu da zancen karɓar katin da ba namu ba, don ƙarshensa kamu ne da zubar da mutuncin sauran ƴan uwa masu neman abinci a can. Amma muna da kunne. A 2023, Tinubu da Atiku da Obi dukansu sun faɗa tun a yaƙin neman zaɓe cewa za su cire tallafin mai. Wanda ya saurara da kunnen ɗan kasuwa ya san ruwa-ruwa ta kusa tsada ko wa ya ci, ya kuma san bai kamata ya tara naira da yawa a akwati ba. Mu kuwa mun shagala da wane ne namu, wane ne ɗan arewa, wa ya fi tara jama'a a fili. A wannan karo mu saurari abin da kowane ɗan takara yake cewa a kan iyaka, a kan naira, a kan shigo da abinci, a kan tsaron hanyar Katsina da Sakkwato, da kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Kafin ranar zaɓe mu karɓo bashinmu, mu rage kayan da ke kan hanya, don an saba rufe iyaka a ranar. Abokan cinikinmu na Kano da Katsina da Gusau kuma, in sun ce mana su ba za su fita ba, mu tuna musu cewa bashin da zaman gidansu yake jawowa tare muke biya.

Mai kiranmu na rediyo, ka ci gaba da tambayar naira da tiya, tambaya ce mai kyau. Ka dai ƙara da guda ɗaya: wa ya sa suka kai haka, kuma su wa suka ɗora shi?

Allah ya ba da kasuwa, ya sa mu ga alheri.